Daga Yauri Zuwa Kan Dutsen Bagazam

Mu a Yauri, cikin ƙasar Matameye, tudun da muka sani na rairayi ne, wanda yaro ke hawa da gudu ya sauko da gudu. Ƙasarmu ta gero ce da gyaɗa da raken fadama, ga gawo ko'ina cikin gonaki. Labarin Azbin kuwa a bayan raƙumi yake zuwa mana. Idan kaka ta wuce, ayarin Buzaye da ya ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi yakan gangaro kudu, su sayar, su auni gero, raƙumansu su yi kiwo a gonakin da aka girbe. Akwai wani dattijo daga cikinsu, mutumin Kel Ewey, wanda tun ina yaro a zauren mahaifina yake sauka. Hausarsa tsaf take, don kakanninsa ma wannan hanya suka bi har Kano. Shi ya ce in je in ga garinsu a kan dutsen Bagazam, can cikin Azbin. Ɗansa zai koma gida a mota a tsakiyar ɗari, sai in bi shi.

Ranar da za a haɗa kaya, Inna ta fito da akwati da wani ƙaton bargo mai gashi, irin wanda ake sa wa amarya a gado. Dattijon ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ce a zube komai a gabansa. Ya ɗaga akwatin ya jinjina, ya mayar gefe.

"Uwar gida, ki yi haƙuri. Jaki ba ya hawa da akwati. Akwai wurin da dutse ya matse hanya, kusurwar akwatin za ta bugi dutse ta ture dabbar. A samo buhu biyu, a raba kayan daidai wa daida, kada ɗaya ya rinjayi ɗaya."

Inna ta ce, "To bargon fa, Malam? An ce sanyin can ba irin namu ba ne."

"Bargo da dare yake aiki. Wannan kuwa rabin kayan jaki ne shi kaɗai. A ba shi marar nauyi guda biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama."

Daga nan ya juyo gare ni, ya yi min bayanin da har yau ban ji wanda ya fi shi ba a kan sutura. Ya ce, "Ɗana, a dutse sau uku yanayi ke canjawa kafin rana ta faɗi. Da asuba haƙoranka na haɗuwa. Da hantsi kana hawa, gumi ya jiƙa ka sharkaf. Ka tsaya hutawa a bakin tsauni, iska ta bugi rigar nan mai gumi, nan mura da ciwon haƙarƙari ke kama mutum. Saboda haka riga ɗaya mai kauri ba ta da amfani. Ka sa marasa kauri, wata kan wata, ka riƙa cirewa kana mayarwa." Ya lissafa min da yatsu: ta ciki mai saurin bushewa, sai suwaita, sai wadda iska ba ta ratsawa. Wando mai sakin jiki, da wani na ciki don dare. Safa mai kauri, a ware guda da ba za a taɓa tafiya da ita ba, ta barci ce kawai. Babbar rigata ta shadda ya ce in bar ta gida, in ɗauki kaftani ɗaya na zuwa masallaci da gaida mutane.

Hula ya ce ba ta isa ba, sai rawani, kuma ya koya min naɗin a nan zauren. Da na hau dutsen na gane dalili. Rawani ɗaya ya tare min rana da tsakar rana, ya rufe hanci da baki daga ƙura, ya ɗumama kunnuwa da dare, kuma da ƙyallensa aka tace ruwa a wani wuri. Babu wani abu cikin kayana da ya yi aiki huɗu irin wannan.

Maganar da ya fi jaddadawa ita ce ta takalmi. Su mutanen dutse da faɗe suke hawa, don tafin ƙafarsu ya saba tun yarinta. Ni kuwa ya ce in nemi rufaffe mai ƙasan roba mai kama dutse, wanda ya ɗan fi ƙafata girma saboda safa, kuma in fara yawo da shi tun a gida har ya san ƙafata. Na same shi a wajen masu gwanjo a Kasuwar Dole ta Damagaram, tare da rigar iskar, na yi makonni ina zuwa gona da shi mutane suna kallona.

Guzuri Inna ce ta haɗa: garin gero da aka daka da kayan yaji, ƙuli-ƙuli, kilishi, soyayyar gyaɗa. Dattijon ya ƙara da dabino da cuku daga cikin nasa, ya ce in saya wa iyalinsa shayi da sukari a Agadas, don ba a hawa gidan mutane hannu rabbana. Sai ƙananan abubuwa da ya sa na ɗaure a jakar da zan rataya da kaina: tocila da batir na ƙari, ashana, wuƙa, allura da zare, igiya, maganin ciwon kai da na gudawa, bandeji, da gwangwanin man kaɗanya saboda faso da tsagewar leɓe. Ya ce ruwan sha da rigar sanyi kada su taɓa bin jaki, don jaki kan yi gaba ya bar mai shi.

Hanyar mota ba ni da dogon labari a kanta. Daga Matameye muka bi ta Kance da Takeita muka shiga Damagaram, daga nan muka miƙi arewa ta Tanut da Adarbisinat, tafiyar kusan kilomita 450 zuwa Agadas. Itatuwa suka yi ta raguwa har gawo ya ɓace, sai ƙaya da tsakuwa. A Agadas na yi sallah a babban masallacin nan mai hasumiyar ƙasa, wadda tsawonta ya kai mita 27, a tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Muka tambayi lafiyar hanya wajen waɗanda suka sani, sannan muka hau motar da ke zuwa ɗaukar albasa a Tabelot.

Tun daga nesa Bagazam ke tare gabas da arewa, baƙi wuluk, kamar ganuwar birni da ba a yi mata ƙofa ba. Shimfiɗaɗɗen tsauni ne, tsawonsa wajen kilomita 40, faɗinsa wajen 20, kuma a samansa akwai ƙauyuka da lambuna da rijiyoyi. Can ne ƙololuwar Idukal-n-Tages take, mai mita 2,022, wuri mafi tsawo a duk ƙasar Nijar. An daɗe ana ɗaukar dutsen Girebun da ke can arewa, mai mita 1,944, a matsayin na ɗaya, kafin awo ya nuna ba haka ba ne. Ni dai tun ina yaro sunan Bagazam a bakin masu labarin dawaki nake jin sa, da kuma a rediyo, don sunan da aka sa wa tsohon jirgin shugaban ƙasa ke nan.

A gindin dutsen, da jijjifi aka ɗaura wa jakuna kaya. Na tsaya ina kallon yadda mai jakin ke aiki: ya ɗora akumari, ya ɗaga buhunan biyu ɗaya bayan ɗaya yana auna su da hannu, ya ciro ƙullin dabino daga na dama ya mayar na hagu, sannan ya zarga igiya ta ƙarƙashin wutsiya don kada kaya su zame wa dabbar a wuya wajen gangara. Bai taɓa kayana da gyara mai yawa ba. Ya ce da ɗan dattijon, "Wannan ɗaurin tsohonka ne."

Hawan ya bi ta wata tsaga tsakanin duwatsu, inda ruwa ke tsattsafowa, har da dabino da ciyawa shar a ƙasa. Na fara da riguna uku da rawani. Kafin rana ta leƙo cikin tsagar na cire ta sama, can gaba na cire suwaita na ɗaura a ƙugu. Hanyar matakala ce ta manyan duwatsu da ƙafar jaki da ta mutum suka goge har suna santsi. Muna hawa muna cin karo da masu saukowa, jakunansu ɗauke da buhunan dankalin Turawa da tafarnuwa da albasa, sai mu lafe jikin dutse su wuce. Mata da yara ma suna bin hanyar nan, wasu da buhun gero a ka. Duk abin da ake ci a sama wanda ba a nomawa a can, ta nan ya hau.

A cikinmu akwai wani saurayi ɗan birni da ya zo ganin dangin mahaifiyarsa, da sabon takalmi fil da ya saya a Agadas jiya-jiya. Tun ba mu kai rabi ba ya fara ɗingishi. Da ya cire, diddigensa biyu sun yi bororo, ɗaya ya fashe. Ɗan dattijon ya wanke masa, ya shafa man kaɗanyata, muka naɗe da bandeji, na ba shi safa mai kauri. Ya ƙarasa hawan, amma a wahale, kuma kwanakin da ya yi a sama a zaune ya yi su.

Da muka fito sarari a saman dutsen, iska ta tarbe mu. Nan take na mayar da duk abin da na cire, tun gumin bai huce ba. Masana sun ce kowace mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6, kuma Damagaram ba ta kai mita 500 daga teku ba. Wannan lissafi a takarda ba ya nuna abin da dare ke yi. Bayan isha'i sanyi ya sauko gadan-gadan. Muka kewaye gawayi ana dafa shayi, aka dama mana furar Buzaye mai dabino da cuku. Na kwanta da wandon ciki da safar barci da rawani, bargo ƙasa bargo sama. Da asuba na tarar ruwan butar da na bari a waje ya yi ɓawon ƙanƙara a baki, sai da matar gidan da muka sauka ta ɗumama min wani kafin na yi alwala.

Zuwa ƙololuwar ba jaki, kowa da jakarsa. Na ɗauki ruwa, dabino, rigar iska da sanda kawai. Wurare da dama sai an sa hannu an kama dutse, a nan ne ƙasan robar takalmin ya biya kuɗinsa. A sama babu komai sai duwatsu da iska mai ƙarfi, amma ido na kaiwa nesa: kwaruruka masu korayen lambuna a ƙasa, da jerin tsaunukan Azbin har inda hazo ya haɗiye su. Na yi wa mahaifina da dattijon addu'a, muka juyo tun rana ba ta karkata ba, don saukowa ta fi hawa cin gwiwa.

Bagazam bai kai tsawon da ƙarancin iska ke sa mutum ciwon kai da amai ba, wannan yawanci sai an haura mita 2,500 yake farawa. Wanda ya nufi Emi Kusi a Cadi, mai mita 3,415, ko Kilimanjaro a Tanzaniya, mai mita 5,895, zai buƙaci safar hannu da jakar barci da hawa a hankali kwana bayan kwana don jiki ya saba. Amma tsarin sutura ɗaya ne da wanda aka koya min a zaurenmu, kuma a ganina ɗan Nijar da ke sha'awar hawan dutse ya kamata ya fara da nasa.

Mai niyyar zuwa ya zaɓi lokacin ɗari, ya fara bincikar lafiyar hanya a Agadas, ya nemi jagora ɗan wurin, kuma ya biya mai jaki haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, don aikin ya fi kuɗin. Takalmi kuwa a saye shi tun da wata guda, a taka shi a gida.