Rigar gimbiya ta gaske

Katin gayyatar ta WhatsApp ya zo, launinsa ruwan hoda, da sharaɗi guda: kowace yarinya ta zo cikin shigar gimbiya. 'Yar abokiyar aikina ce za ta cika shekara 6. Ni da nake da 'ya'ya mata biyu, mai shekara 7 da mai 4, na duba kuɗin rigunan a intanet, na kife wayar. Washegari na shiga Kantin Kwari na yanko shuɗin yadi, na kai wa telana. Ya kuwa yi aiki, har da duwatsu masu ƙyalli a wuya.

Ranar Asabar muka isa ɗakin taron. Fiye da rabin yaran Elsa ce ta fim ɗin Frozen: riga iri ɗaya, hoton fuskarta a ƙirji, wasu har da farin gashin kanti a kan kitsonsu. Ba a yi minti goma ba babbar ta dawo ta kama gefen mayafina.

"Umma, wai tawa ba ta gaske ba ce."

Raina ya sosu, domin ɗinkin rigarta ya fi nasu nesa ba kusa ba. Amma yaran ba ƙarya suka yi ba, kuma maganar tasu tana da tarihi. A shekarar 2000 Andy Mooney, wanda ya baro Nike ya karɓi sashen kayan sayarwa na Disney, ya je kallon wasan zamiya a kan ƙanƙara a birnin Finiks na Amurka. Can ya ga yara mata cikin rigunan gimbiyoyi ɗinkin gida. Abin da uwa za ta gani ta yi murmushi, shi kasuwa ya hango. Kamfanin ya tattaro jaruman finafinai daban-daban, tun daga Snow White ta 1937 da Cinderella ta 1950, ya ɗora su a kan tambari ɗaya. Ku lura da hotonsu a jakar makaranta: ba sa haɗa ido, kowace da inda take kallo, don kada duniyoyinsu su cakuɗe. Wato rigar da na kai wa tela ita ce ainihin abin da aka kafa wannan kasuwa domin a maye gurbinsa. 'Yata ta gane hakan cikin minti goma.

A mota na yi abin da iyaye 'yan boko suka saba, na buɗe lacca. Na ce mata a wurinmu gimbiya 'yar sarki ce, haihuwa ke ba ta sunan, ko da tsumma ta ɗaura. Na kawo Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku a faɗar masu tarihi, wadda har yau ake jingina mata ganuwar garuruwa. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "To Umma, rigarta wace kala ce?"

Ban da amsa. Ba kuma shirme ta tambaya ba. Yarinya mai shekara 7 da abin da za ta sa, ta juya, ta rera take shiga labari. Elsa ta zo mata da kala da waƙa da kitso. Amina kuwa na miƙa mata ita kamar tambayar jarrabawa.

Ƙaramar ba ruwanta. Ta yi barci da kambin roba a ka, kuma ta yi ta sa rigarta har ta yage a hammata. Ta babbar tana ninke a akwati. Wata mai zuwa za ta cika 8, ta kuma riga ta faɗa mini abin da take so. Na sake duba kuɗin jiya da daddare, ya ƙaru.