Guntun Tagulla Daga Bakin Teku

Kawuna ɗan gwangwan ne a zangon Sekondi, a ƙasar Gana. Shekara talatin ke nan yana sayen tsofaffin ƙarafa, ya auna, ya sayar wa masu narkarwa. Ni kuwa malamin makaranta ne, ban taɓa kula da abin da ke cikin shagonsa ba sai a damina ta 2019.

A watan Yuni teku takan yi hauka a wannan gaɓa, ta kwashe yashi ta tone abin da ya daɗe a binne. Wata safiya yara biyu suka kawo wa Kawu abin da suka tsinta a wajen Shama. Ɗaya wata doguwar ƙusa ce marar tsini, tsawonta ya kai kamu ɗaya da ɗan ɗori, kaurinta kamar babban yatsa. Ɗayan kuwa falle ne na ƙarfe, bai fi faɗin allon almajiri ba, ya lanƙwashe, gefensa duk ƙananan huji a jere. Dukansu sun yi kore shar. Kawu ya biya yaran, ya jefa kayan a kusurwa.

Da a nan maganar ta ƙare, sai dai Goggo ta shigo ta gani. Goggo yayar mahaifina ce, ta haura shekara 80. Kakanta fatake ne na goro. Tun da layin dogo ya haɗa Kumasi da Sekondi a 1903, goro ya riƙa saukowa teku, ana loda shi a jirgi zuwa Ikko. A lokacin ba a buɗe tashar Takoradi ba, gama sai 1928 aka buɗe ta, saboda haka jirage a can nesa suke tsayawa, a ɗauki mutane da kaya a kwalekwale a kai musu. Wata rana kakan nata ya shiga kwalekwale da huhunan goronsa, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. A gidanmu an gāji maganar cewa jirginsu ne ya nutse. Sa'ad da Goggo ta ji an ce kayan jirgi ne, sai ta ɗauki fallen nan ta rungume, ta ce, "Ga saƙo ya zo."

Kawu ya ce da ita, "Yaya, tagulla ce kawai, kilo nake saye." Ta ce ba mai sayar da shi tana da rai. Sai suka juyo kaina, wai ni ne mai ilimin boko, in bincika in faɗa musu.

Na fara da kuskure, ba zan ɓoye ba. Na sami lemon tsami da toka da yashi, na zauna ina dirza fallen kamar mai wanke tukunya, ina so ya yi ƙyalli. Can sai na ga alamar hatimi a kusurwa, zagaye ne da haruffa, amma kafin in ankara na riga na goge rabinsa. Haruffa uku suka rage sarai, N da T da Z, sa'an nan wata lamba a tsakiya wadda yashina ya cinye. Abin da teku ta bari shekaru masu yawa, ni na ɓata shi kafin la'asar. In ka tsinci irin wannan, ya mai karatu, kada ka dirza. Jiƙa shi a ruwan daɗi, ka riƙa sake ruwan har gishiri ya fita, gama gishirin da ya rage a ciki shi ne yakan fito kamar koren gari ya ci ƙarfen.

Ashe Kawu ya fi ni sanin inda za a fara. Ya kawo mayen ƙarfe ya manna, bai kama ba. Ya ce to, babu baƙin ƙarfe a ciki. Ni na ce jan ƙarfe ne, domin ƙarƙashin koren launinsa ja ne. Kawu ya yi dariya, ya ɗauko magagari ya ɗan goga gindin ƙusar, sai ga rawaya ta bayyana. Ya ce da ya biya yaran kuɗin jan ƙarfe da ya yi asara. Daga baya na gane dalili: tagulla haɗi ce ta jan ƙarfe da tutiya, ruwan gishiri kuwa yakan tsotse tutiyar daga sama ya bar jan, har fatar ta yi ja ta kuma yi gautsi.

Wanda ya karanta mini hatimin wani tsoho ne Bafante, wanda ya yi aikin ƙera jiragen katako a ƙuruciyarsa. Ya juya fallen, ya sa yatsa a hujin, ya ce wannan rigar jirgi ce. A ruwa mai ɗumi akwai wata tsutsa da take cin katako kamar yadda gara take cin azara, ga kuma ciyayi da ƙananan katantanwa da suke manne wa cikin jirgi su rage masa gudu. Domin haka a 1761 sojan ruwan Ingila suka gwada lulluɓe cikin wani jirginsu da fallayen jan ƙarfe. Dabarar ta yi, amma ta zo da tata matsalar: in jan ƙarfe da baƙin ƙarfe suka haɗu a ruwan gishiri, baƙin yakan rube da sauri. Dole aka koma yin manyan ƙusoshin da suke riƙe katakon da jan ƙarfe ko danginsa. Ga asalin doguwar ƙusar nan. Jan ƙarfe kuwa da tsada. A 1832 wani mutumin Birmingham mai suna George Muntz ya yi rajistar wani haɗi mai araha, kashi 60 jan ƙarfe, kashi 40 tutiya, aka riƙa buga sunansa a kan fallayen. Haruffan nan uku ƙarshen sunansa ne. Lambar da na goge, in ji tsohon, nauyin fallen take nunawa.

A zuciyata na so a ce abin ya fi haka tsufa. Na karanta cewa a 2003 masu bincike sun gano wani tsohon jirgin fatauci a ƙarƙashin ruwa daura da Elmina, cike da tasoshin tagulla da mundaye da wuri da duwatsun ado, na kuwa riga na fara mafarkin namu ma irinsa ne. Hatimin ya kashe wannan mafarki. Abin da fallen ya tabbatar biyu ne: jirgin na katako ne, an kuma sa masa rigar ba kafin 1832 ba. Ko nutsewa ma bai tabbatar ba, gama akan ɓamɓare tsohuwar riga a sa sabuwa bayan 'yan shekaru, tsohuwar kuwa ta shiga hannun mutane.

Sai na tambayi tsohon game da jiragen da suke kai goro Ikko a zamanin kakan Goggo. Ya girgiza kai. Ya ce waɗannan jiragen hayaƙi ne, jikinsu na baƙin ƙarfe ne, tsutsa ba ta cin su, ba a kuwa sa musu irin wannan riga. Wato fallen ba na jirgin kakanta ba ne.

Kwana uku ina juya maganar. Matata ta ce in yi shiru, me zai ragu in tsohuwa ta mutu da farin cikinta? Na kusa yarda. Abin da ya hana ni shi ne, Goggo ta riga ta fara kiran jikoki tana nuna musu, ƙanena kuma ya ɗauki hoto ya aika wa dangi a Kumasi da Tamale. Nan da shekara goma ba wanda zai iya warware labarin, ni ne kuwa aka ce in bincika.

Na same ta bayan magariba, na zauna a bakin tabarmarta, na faɗa mata duka, har da hatimin da na ɓata. Ta daɗe ba ta ce kome ba. Sa'an nan ta tambaye ni, "To, jirgin da wannan ya fito, da mutane a cikinsa?" Na ce, "I, Goggo, ba jirgin da yake tafiya ba mutane." Ta ce, "Su ma suna da waɗanda suka jira su." Ta miƙo hannu, na ba ta fallen, ta naɗe shi a tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado. Ba ta ƙara kiransa saƙo ba, amma ba ta yarda a auna shi ba.

Ƙusar kuwa Kawu ya ɗora ta a sikeli, kilo 2 da rabi. Kafin ta tafi na roƙe shi ya ba ni awa ɗaya. Na auna tsawonta da kaurinta, na zana ta a littafina, na sa yaran nan biyu suka kai ni daidai inda suka tsince ta, na rubuta wurin da ranar. Ran Jumma'a mota ta zo ta kwashe ta tare da tsofaffin famfuna da makullai, zuwa Tema.