Launin Jirgin Malam

A wata unguwa ta Damagaram akwai wani tsohon malamin tarihi da ya ajiye alli bayan shekaru masu yawa a aji. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya kawo masa tsarabar wani kwali daga Faransa: gutsattsarin roba na jirgin yaƙi samfurin Hurricane, wanda aka ƙanƙanta sau 72. Fukafukan jirgin na gaske sun ɗan zarce mita 12, na cikin kwalin kuwa santimita 17 ne. Haɗa shi bai ɗauki malam kwana uku ba. Fenti ne ya tsayar da shi wata guda.

Malam ya ƙudurta kai jirgin bajekolin ƙungiyar malamai, domin ya nuna wa yara irin jiragen da suka ratsa ƙasar Hausa a yaƙin duniya na biyu. Tun daga watan Satumba na 1940, Ingila ta riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau. A can ake harhaɗa su, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri da Hartum har Masar.

Hoton da ke bisa kwalin ya nuna jirgi mai launin rairayi da ruwan ƙasa, cikinsa shuɗi. Da ya bi shi, da ya huta. Amma littattafansa sun nuna masa cewa wannan tufar hamada ce, wadda ta yaɗu daga baya. A 1940, jiragen Ingila kore mai duhu da ruwan ƙasa suke sanye da su. Cikin jirgin ma yana da nasa tarihi: kafin watan Yuni na wannan shekara, rabi baƙi ne rabi fari, sannan aka ba da umurnin shafa wani launi mai haske, tsakanin kore da shuɗi. Fentin ya yi ƙaranci, har wasu rundunoni suka dama nasu. Ashe launi ma kwanan wata ne.

Sai malam ya koma ga tsofaffin hotuna, nan ma ya kusa faɗawa rami. A wani hoto, zoben da ya kewaye tambarin jirgin ya fito baƙi ƙirin, har ya tsoma buroshi cikin baƙin fenti. Daga baya ya gane cewa wani irin fim na wancan zamani yana mayar da rawaya ta yi duhu. Zoben ruwan ɗorawa ne.

Maƙwabcinsa ya yi masa dariya, ya ce: «Malam, wane yaro ne zai gane bambancin?» Malam ya amsa: «Shi ya sa ba zan ha'ince su ba. Abin da yaro ya gani da idonsa ya fi zama a zuciyarsa bisa abin da aka karanta masa.»

Ranar bajekoli, jirgin ya fito da kore da ruwan ƙasa, an ɗan sassauta su da ɗigon fari, domin launi mai ƙarfi yakan danne ƙaramin abu. A gefensa malam ya ajiye takarda mai ɗauke da shekara da hanyar da jirgin ya bi. Wata yarinya ta tambaya don me jirgin da za shi hamada yake sanye da kore. Malam ya jawo kujera, darasi ya soma.