Soyayyen wake irin na Kyuba, ba tare da alade ba 🧵

1/ Jama'a, zaren yau na masu ragowar wake ne a firji. Akwai wani girki na mutanen Kyuba da ake kira muñeta: a dafa farin wake, a farfasa shi, a soya da sosej har ya yi ƙanzo. Na mayar da shi abincin gidana, kuma babu ko ɗigon alade a ciki. Ku biyo ni.

2/ Kafin ’yan gyara su iso: eh, soyayyen waken da duniya ta fi sani na Meziko ne, frijoles refritos. Mutane kan ɗauka sunan na nufin an soya sau biyu. A Sifaniyanci ma'anarsa "ya soyu sosai". Sau ɗaya ake soyawa, a Meziko da Kyuba duka.

3/ Matsalar ita ce a can alade ne gaba da baya. Da man alade ake suyar, sosej ɗin kuma, wato chorizo, naman alade ne da tafarnuwa da garin jan tattasai. Shi ya sa da yawanmu da mun ga bidiyon girkin sai mu wuce, mu ce wannan ba namu ba ne.

4/ Ni kuma tambayata ita ce: mene ne aikin aladen a kaskon? Abu biyu ne. Yana ba da kitse, kitsen kuma yana ɗaukar ƙamshin tattasai da tafarnuwa ya ratsa da shi cikin waken. Shi ke nan fa. Kitsen sa ma yana wannan aikin. Duk wanda ya taɓa cin wake da kakiɗe ya san zancen.

5/ Kayan haɗi na mutum 4: wake gwangwanin madara 2, sosej na naman sa guda 3 ko niƙaƙƙen nama mai kitse kwatan kilo, albasa babba 1, koren tattasai 1, tafarnuwa ƙwaya 5, garin jan tattasai cokali 1, kumin rabin ƙaramin cokali, mai cokali 3, gishiri, lemun tsami.

6/ Don Allah ku karanta jikin ledar sosej kafin ku saya. Ko an rubuta naman sa ne, wasu kamfanoni a hanjin alade suke ɗura shi. Ku nemi tambarin halal. In zuciya ba ta kwanta ba, mahauci ya niƙa muku nama da ɗan kitsensa, ku cakuɗa da tafarnuwa, garin tattasai da gishiri, ya kwana a firji. Ni wannan na fi so ma.

7/ Batun wake: nasu da namu ba iri ɗaya ba ne. Waken Kyuba, baƙi da fari da ja, asalinsa nahiyar Amurka. Namu na ƙosai da alale ɗan Afirka ne, kuma Najeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen nomansa. Namu ya fi saurin nuna, kuma yana farfashewa cikin sauƙi. Da shi nake yi.

8/ Gargaɗi ga mai son gwada na waje, musamman jan nan mai kamar ƙoda: yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa in bai dahu ba. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a bar shi ya tafasa sosai aƙalla minti 10 kafin a rage wuta. Wannan ba abin wasa ba ne.

9/ Dafa waken da rabin albasa har sai ya yi lugub, in ka matsa da yatsa ya baje. Ni ba na sa kanwa a nan, tana sauya masa launi da ɗanɗano. Ka tsame shi, amma kar ka zubar da ruwan. Ajiye kofi ɗaya a gefe, zai yi maka rana.

10/ Ɗora kasko mai kauri, zuba mai, sa sosej ɗin da ka yayyanka ƙanana. Wuta kaɗan-kaɗan. Kana so kitsen ya narke, man ya koma ja. In wuta ta yi yawa garin tattasan zai ƙone ya yi ɗaci, kuma babu abin da ke gyara wannan.

11/ Sai albasa da koren tattasai su shiga, su yi laushi, sannan tafarnuwa da kumin. Wannan haɗin su ke kira sofrito, da shi suke fara yawancin girkinsu, kamar yadda mu ke fara miya da jajjage. Bambancin shi ne girkin Kyuba ba mai yaji ba ne. Ni dai Bahaushe ne, nakan jefa attaruhu ɗaya 😅

12/ Yanzu juye waken. Da bayan ludayi ko muciya ka riƙa dannawa kana juyawa. Kar ya zama kamar kunu, bar wasu ƙwayoyin da ransu. In ya bushe da yawa, ɗan zuba ruwan nan da ka ajiye. Ɗanɗana gishiri, don sosej ma yana da nasa.

13/ Nan ne wurin haƙuri. Baje shi ya cika kaskon, ka cire hannunka minti 5 zuwa 7. Kar ka taɓa. Ƙasan zai kama ya yi ƙanzo ja. Juya shi, ɗaya gefen ma ya samu. Wannan ƙanzon ne ya raba shi da faten wake. Ka sauke, ka matsa lemun tsami kaɗan.

14/ Su da farar shinkafa da soyayyar agada suke cin wake. Ni na ci da burodi da safe, na ci da gurasa, na ɗora a kan shinkafa da ɗan yaji ya zama garau-garau mai digiri. Duka ya tafi.

15/ Abin da ya sa girkin ya shiga raina: dabara ce ta gidan da nama bai wadata ba. Tun 1962 Kyuba ke raba kayan abinci da katin rabo, wake na cikin abin da ake bayarwa. Sun san yadda ake sa ɗan nama ya ratsa tukunya guda. Da tsadar naman nan, kwatan kilo ya ciyar da mutum 4 kowa ya ji ƙamshi, ai ba ƙaramin abu ba ne.

16/ Kuma ko ragowar waken jiya ya wadatar, ya fi ma kama ƙanzo saboda ya tsane. Amma a tabbatar ya kwana a sanyi. In an ɗauke wuta ya fara tsami ko yauƙi, suya ba ta ceto shi, a zubar kawai.

17/ Wanda ya gwada ya ɗora mana hoto a ƙasa. Masu cewa wake ba ya haɗuwa da sosej kuma, ku fara dafawa tukuna, sai mu yi musun da cikakken ciki.