Riɗin Baba da Kwamfutar da Ta Cinye Mini Babi Uku

Hausa ba ita ce na sha a nono ba. A Arikya aka haife ni, cikin ƙaramar hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, kuma a kasuwa da makaranta na tsinci wannan harshe, har Allah ya sa ya zama shi ne fannin da nake nazari a jami'a. Don haka idan mai karatu ya ga gargada a wani wuri sai ya yi mini uzuri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da 'yan uwana ɗalibai ke yawan yi mini: wace kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta fi ƙarko, HP ko Dell ko Lenovo? Na biya kuɗin sanin amsar da tsada, shi ya sa nake son in ba da ita kyauta.

Lokacin da muka shiga aji huɗu aka raba mana malaman da za su duba kundin kammala karatu, sai na koma gida na shaida wa mahaifina cewa aikin ba zai yiwu ba sai da kwamfuta. Baba manomi ne, doya da riɗi su ne bankinsa. Bai ce komai ba, ranar kasuwa ya fitar da buhu huɗu na riɗin da ya ɓoye don jiran farashi, ya sayar, ya damƙa mini kuɗin ya ce, "Ka sayo mai kyau, ba ni da na sayen wata." Na hau mota daga Lafiya, muka bi ta Akwanga da Keffi har Abuja. A wani shago na ga wata siririya mai ƙyalli, ta hannu, irin wadda ake kira tokumbo. Mai shagon ya rantse mini cewa daga Ingila ta zo, ya ce ya ba ni garanti na wata uku. Ban nemi ya rubuta a rasit ba. Ƙyallin ne ya ɗauke mini hankali.

Mako bakwai ta yi tana aiki. Na buga babi uku, na zuba hirarrakin da na naɗa da tsofaffi a cikinta. Wani dare ta yi zafi kamar dutsen guga, ta ɗauke, ba ta sake farkawa ba. Na koma Abuja da kuɗin aro. Mai shagon da ya kira ni "ɗan uwa" ranar ciniki ya dube ni ya ce, "Malam, wutar janareto ce ta ƙona ta, garanti bai shafi wannan ba." A ranar na gane ma'anar karin maganar nan da muka karanta a aji biyu, wato araha ba ta ado. Ba zan ambaci sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, domin daga baya na fahimci cewa rabin laifin nawa ne.

Wanda ya wayar mini da kai wani mai gyara ne a Lafiya. Ya buɗe cikinta ya nuna mini fanka ta toshe da ƙura, ga man da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta ya bushe ƙayau. Ya ce, "Ƙanena, ku ɗalibai sunan kamfani kuke tambaya, mu kuwa dangin kwamfuta muke tambaya." Ya bayyana mini cewa kowane babban kamfani yana da kaya iri biyu: na gida da na ofis. HP na da Pavilion na gida da EliteBook na ofis. Dell ya daɗe yana fitar da Inspiron na gida da Latitude na ofis, kafin ya sanar da sauya waɗannan sunaye a shekarar 2025. Lenovo na da IdeaPad da kuma ThinkPad. Na ofis an yi su ne don ma'aikatan da ke yawo da su kullum, saboda haka jikinsu da mahaɗin murfinsu sun fi ƙwari, kuma an fi samun sauƙin kwance su a canja batir ko ma'ajiyar bayanai. Tawa ta gida ce, ta riga ta tsufa a hannun wani kafin ta iso gare ni.

Da na bi diddigi sai na ga kowane kamfani da tarihinsa. HP ya samo asali ne a 1939 a wani gareji a Kalifoniya ta Amurka, a hannun Bill Hewlett da David Packard. Michael Dell ya kafa nasa a 1984 yana ɗalibi a Jami'ar Texas. ThinkPad kuwa kamfanin IBM ne ya fara fitar da ita a 1992, sannan Lenovo na ƙasar Sin ya saye sashen a 2005. Toshiba, wadda yayyenmu suka yi yayi, ta bar wannan sana'a gaba ɗaya a 2020 bayan ta miƙa wa kamfanin Sharp. A nan gida akwai Zinox da Leo Stan Ekeh ya kafa a 2001. Amma tarihi ba ya gyara kwamfuta a Lafiya.

Wannan ne ya kawo ni batun kula da mai saye. A Turai da Amurka, wanda ya sayi sabuwa yakan sami garanti na shekara guda, ya kira kamfani a gyara masa. Mu kuwa da muke sayen ta hannu, garantin ya ƙare tun kafin ta hau jirgi. Kamfaninmu na gaskiya shi ne mai gyaran unguwa da kuma kayan gyaran da zai iya samowa daga Computer Village ta Ikeja ko Banex ta Abuja ko Farm Centre ta Kano. A wannan ma'auni, abin da na gani da idona shi ne HP da Dell sun fi yawa a hannun mutane, don haka cajarsu da batirinsu da allonsu sun fi sauƙin samu. ThinkPad ta yi suna wajen juriya da daɗin maɓallan rubutu, abin da mai buga kundi zai yaba. MacBook ta Apple tana da kyau da riƙe caji, sai dai a sababbinta an like ƙwaƙwalwar ajiya a jikin allon uwa, ba a ƙara ta, kuma gyaranta sai mai hannu da shuni.

Ga shawarar da zan ba ɗan uwa ɗalibi. Na farko, ka duba lambar da ke ƙarƙashin kwamfutar, ka shigar da ita a shafin kamfanin, zai nuna maka samfurinta da lokacin da garantinta ya ƙare. Na biyu, ka tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan sabuwar ba. Na uku, ka zaɓi mai ma'ajiyar SSD, domin ba ta da faifai mai juyawa da jijjigar hanya ko faɗuwa ke lalatawa. Na huɗu, duk alkawarin da mai shago ya yi, ya rubuta shi a rasit. Na biyar, idan hunturu ya wuce ka kai ta a share fankar, kuma kada ka ɗora ta a kan katifa.

Mu ɗaliban Hausa muna da ƙarin abin dubawa, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ. Magabatanmu sun sha wuya a kansu, har Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffan Rabi'at da Abdalla don magance matsalar. Yau tsarin Unicode ya sauƙaƙa abin, kowace irin kwamfuta za ta rubuta su idan aka saita ta. Don haka kada wani ɗan kasuwa ya ƙara maka kuɗi da sunan tasa ce kaɗai ta iya Hausa.

Babi ukun nan ban same su ba, sai da na sake rubuta su daga takardun da na ajiye, a kan kwamfutar wata abokiyar karatuna da ke ara mini bayan ta gama nata aikin. Hirarraki biyu kuwa sun tafi ke nan, domin ɗaya daga cikin tsofaffin ya rasu kafin in koma. Wannan ya fi asarar kuɗin yi mini ciwo. Yanzu kowane shafi na buga sai na aika wa kaina ta imel, na kuma zuba a filas.

Da na gaya wa Baba abin da ya faru, ya yi shiru, can ya ce, "Ko irin doya za ka saya, sai ka tafi da wanda ya san doya." Da kaka ta zagayo muka haɗa kuɗin wata, kuma a wannan karon mai gyaran nan ne ya raka ni kasuwa.