Kowa Ta Zo da Kofinta

Maganar ta taso ne a taron Zumuntar Mata na ranar Talata, bayan an rufe da addu'a, muna naɗe tabarmi. Ma'ajiyarmu ta ce ta lura da wani abu shekara biyu a jere: ranar Kirsimeti, ranar da majami'a ke cika har a jera benci a waje, akwai matan da ba ta gani. Ta lissafa su da yatsu. Duk mun san su. Ba sa fashin sujadar Lahadi, wasunsu ma su ke fara zuwa shara ranar Asabar, amma ranar 25 ga Disamba sai su ɓace.

Ba mu wahala wajen neman dalili ba, domin mu muka kawo shi: ankon da muke fitarwa kowace shekara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin turmin atamfa ya kai kuɗin cefanen gida na kwanaki da yawa. Mace ta gwammace ta ce zazzaɓi take yi da ta zauna da tsohon zani a tsakiyar sababbi.

Sai muka yanke shawarar yin shan shayi na mata zalla, ranar Asabar ta ƙarshe kafin Kirsimeti, da yamma. Wanda ya san hunturun Jos ya san ba a buƙatar roƙon kowa ya karɓi kofi mai zafi. Doka biyu muka sa. Babu anko, kowa ta zo da zanin da take girki da shi. Kuma kowa ta zo da kofinta, domin na majami'a ba su kai ashirin ba, rabinsu kuma babu hannu.

An ɗan yi jayayya a kan babban tebur. Wasu suka ce ba a taɓa taro ba tare da an ware wa matar Fasto da matan dattawa wuri ba. Matar Fasto da kanta ta kashe maganar, ta ce in an kafa teburin, a kansa za ta jera biredi. Muka yi karo-karo. Wannan ta kawo sukari, waccan madarar gari, wata ta soya cincin bokiti guda, wata kuma da ɗanta ke aiki a Taraba ta kawo ganyen shayin Mambila, tana ta jaddada mana cewa ba irin na kanti ba ne.

Akwai kuma abin da muka shirya muna ganin mun yi dabara. Mun ƙulla ledoji, kowace da mudun shinkafa da ɗan mai da magi, muka rubuta sunayen gwauraye da 'yan gudun hijira a takarda. Niyyarmu, in an gama waƙa, magatakarda ta kira su ɗaya bayan ɗaya, su fito gaba su karɓa, a tafa musu. Babu wadda ta ga aibun wannan a cikinmu. Haka muka saba gani ana yi.

Tun ƙarfe uku muka ɗora babbar tukunya a bayan majami'a. Muna cikin fama da ɗanyen itace sai ga wata dattijuwa ta iso, awa guda kafin lokaci, da kofin silba a hannu. Daga Gwoza take. Ta baro garin a 2014, lokacin da Boko Haram ta kama shi a watan Agusta, ta bi ta duwatsu har Kamaru, daga baya ta iso Jos wurin 'yarta. Sunanta ne na biyu a takardarmu.

Muka yi mata sannu da zuwa, muka jawo kujera.

"Mama, ki zauna ki huta. Yau mu za mu yi miki hidima."

Ba ta zauna ba. Ta leƙa tukunyar, ta shinshina, ta tambaye mu ina citta, ina kanumfari. Muka ce ba mu sa ba. Ta dube mu kamar yadda uwa ke duban 'yar da za a kai ɗakin miji ba ta iya tuwo ba.

"'Ya'yana, wannan ruwan zafi ne. A wannan sanyin za ku ba mutane?"

Ta kwance bakin zaninta ta ciro kuɗi, ta aiki yarinya kanti. Muka yi ta hana ta, muna jin kunya, mun san abin da kuɗin yake a wurinta. Ta gyara wutar, ta zare ɗanyen itacen gefe, ta karɓi ludayi daga hannun shugabarmu. Tana juyawa tana magana, ba ta kallon kowa. Ta ce a gidanta na can, ranar Kirsimeti, tukunya uku take ɗorawa. Kwanon farko na maƙwabtanta Musulmi ne, su ma da Sallah nata ne na farko. Ta ce tun da ta zo garin nan ana ba ta, ana ba ta, kuma ta gode, Allah ya saka. Amma yau shekara nawa ba wanda ya ce mata, Mama, ɗanɗana ki ji ko gishiri ya ji.

Ba mu ce komai ba. Magatakarda ta ninke takardar sunayen ta tura cikin jaka.

Mata suka cika harabar, sun fi yadda muka zata. Abin da ba mu yi tsammani ba shi ne yadda kofunan suka zama abin hira. Ga na tangaran daga kayan auren wata, ga na roba mai tambarin jam'iyya, ga gwangwanin madara da aka goge bakinsa. Mai gwangwanin ta ɗaga shi sama ta ce nata ya fi na kowa ci, aka fashe da dariya. Aka kaɗa tulu da caki, aka yi waƙoƙin haihuwar Mai Ceto da Hausa, sannan matan Gwoza da Michika suka yi nasu da harsunansu, mu muna amshi da abin da kunnenmu ya kama. Matar Fasto ta karanta labarin Marta da Maryamu daga Luka sura 10. Mun sha jin wa'azi a kan wannan wuri, kullum Marta ce ke shan faɗa saboda ta maƙale a madafa. Ranar dai muna saurare muna satar kallon Mama a bakin murhu, fuskarta na sheƙi da zufa, tana cika kofi bayan kofi, tana tsawata wa masu son sukari da yawa.

Ledojin kuwa, sai da duhu ya fara muka jera su a bayan ƙofa, shugabarmu ta sanar cewa duk mai bukata, ko mai maƙwabciya mai bukata, ta ɗauka in za ta fita. Ba mu tsaya gadi ba. Ba mu san wa ta ɗauka ba, kuma har yanzu ma'ajiya na ƙorafin cewa ba ta san yadda za ta rubuta wannan a littafin kuɗi ba. Guda biyu suka kwana a wurin.

Ranar Kirsimeti mun ga wasu daga cikin matan da ma'ajiya ta lissafa, ba duka ba. Maganar anko kuma ba ta mutu ba, an ɗaga ta zuwa taron Janairu, kuma akwai masu cewa ba za su bar shi ba.

Mama ta tafi gida da babbar tukunyar a daren nan, wai ba ta yarda da wankinmu ba. Ta dawo da ita ranar Talata tana ƙyalli, ta ajiye a gaban shugaba, ta tambaya wa zai sayo itacen Ista, domin ita ba za ta sake girki da ɗanye ba.