'Yan Matan Zari-Ruga a Garin Gwarzo

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da kuke yawan aiko mini da wasiƙu kuna cewa kullum sai labarin soyayya, yaushe zan ba ku labarin wani gari. To yau ga shi, ku gyara zama, yammacin Kano muka nufa.

Duk wadda za ta Gwarzo daga birni hanyarta ɗaya ce: ta fito ta Kabuga, ta nemi mota a tashar Rijiyar Zaki, ta wuce sabuwar Jami'ar Bayero da barikin Janguza, sai Rimin Gado, daga nan ta shiga ƙasar Kabo, sannan Gwarzo. Tafiyar wajen kilomita 70 ce. Idan direba bai tsaya ba, titin zai miƙe da ke har Dayi a jihar Katsina. Na san da yawanku kun sha bin wannan hanya zuwa biki ko suna, amma fa kuna shiga mota sai hira da barci, ba a kallon taga. Ki daure wata rana ki kalla, musamman da kaka. Dawa ta sunkuyar da kai, an jera buƙƙokin karan gero a gonaki, yara na tallan rake da gyaɗa da dafaffiyar masara a bakin titi, iska kuma ta fara sanyi tana busar da leɓe.

A ƙasar Kabo na fara yada zango, wajen Gwaggona, na kwana biyu. Ƙasa ce ta noma, garuruwanta irin su Garo da Gude da Godiya duk manoma ne, ga kuma madatsar ruwa ta Guzuguzu, ɗaya daga cikin madatsun da jihar Kano ta yi ta ginawa tun daga zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Albarkacinta ko damina ta wuce ba a zama, ana noman rani, tumatir da albasa da tattasai.

Amma ni ba tumatir na tsaya kallo ba, 'yan matan garin na kalla. Wallahi 'yar uwa ƙarfi na nan. Yarinya 'yar shekara 13 za ta ɗauko jarkar ruwa a ka, ga ƙanenta a goye, ta sauke ta kama taɓarya ta yi surfe, ta yi ta luguden daka har da jefa taɓaryar sama ta tafa ta cafe, ko haki ba ta yi. Mu 'yan birni da ko bokiti muka ɗaga sai mun nemi man zafi, ai sai mu yi shiru. Da dare in akwai farin wata ƙanana su fita gaɗa, su yi ta tsalle suna faɗawa hannun ƙawaye ana cafe su. Sai dai abin da na lura da shi, wanda kuma haka yake a birni, da zarar yarinya ta fara zama budurwa shi ke nan an rufe mata wannan babi. Aikin ƙarfi dai ba a ɗauke mata ba, sai ma ƙari. Wasan ne kawai ake ɗaukewa. Ta yi gudu a ce ba ta da kamun kai, ta yi tsalle a ce za ta jawo wa kanta abin kunya a ɗakin miji. Ta ɗauki buhu rabi na masara zuwa inji kuwa, babu mai cewa uffan.

Ranar ta uku muka ɗunguma da Gwaggo zuwa Gwarzo, gidan yayarta, wadda duk muke kira Iya. Gari ne babba, hedikwatar ƙaramar hukuma, yana da asibiti da makarantu da kasuwa, ga garuruwa irin su Getso da Kutama da Lakwaya a ƙarƙashinsa. Sunan garin kansa ya ishe ki tsokana, don duk wanda kika tambaya ɗan ina ne sai ya buga ƙirji kafin ya amsa. Ni kuwa na ce musu mun ji gwarzo, ina gwarzuwa? Ashe tana bayan gidan Iya.

Bayan la'asar ina kwance sai na ji ihu da shewa daga wani kangon fili da ke bayan gidan, wanda aka zagaye da katanga ba a kai ga ginawa ba. Na ɗauka wata ce aka kawo wa lefe. Na yafa mayafi na leƙa, sai ga 'yan mata goma sha huɗu, kowacce da dogon wando a ƙarƙashin riga, an ɗaure kai tamau, suna bin wata irin ƙwallo mai siffar ƙwai ko in ce gwanda. Jikar Iya ce shugabarsu, tana karatu a birni, ta dawo hutu. Ta ce mini, "Anti, zari-ruga ke nan, zo ki shiga." Na ce, "Rufa mini asiri, da wannan leshin?"

Labarin yadda abin ya faro ya ba ni dariya. Kulob ɗinsu na 'yan mata ne irin wanda kuka sani, na adashe da fitar da anko in bikin ɗaya daga cikinsu ya tashi. Ita kuma ta tsinci ƙwallon ne a cikin kayan gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai, mai kayan ma bai san ta mece ce ba, ya ce wai ta lanƙwashe ne a cikin dila, ya sallama mata da araha. Ta kalli yadda ake wasan a waya, ta zo ta koya wa sauran. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa riƙe irin wannan ƙwallo kafin wannan hutun.

Bari in yi muku bayanin wasan yadda na fahimce shi. Duk wanda ya raɗa masa suna zari-ruga ya iya Hausa, don abin ke nan: ki zari ƙwallo ki ruga da ita a hannu har ki kai ƙarshen filin abokan karawa ki dangwara ta a ƙasa bayan layi. Wannan maki 5 ne. A babban fili akwai turaku biyu dogaye da sanda a gicciye, in kin dangwara sai a ba ku damar buga ƙwallon da ƙafa ta haye sandar, a ƙara muku maki 2. Cikakken wasa mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 80. Akwai kuma na mutum bakwai-bakwai, minti 7 a huta a ƙara 7, shi ne wanda aka shigar gasar Olamfik a shekarar 2016, kuma shi 'yan matan nan suke kwaikwayo.

Dokar da ta fi ba su wahala, ta kuma fi burge ni, ita ce ba a jefa wa abokiyar wasa ƙwallo gaba. Sai dai baya ko gefe. Ke nan duk saurinki, in kika tsere wa 'yan uwanki kika yi nisa ke kaɗai, ranar da aka tare ki babu wadda za ki miƙa wa. Ita ma wadda ke son a ba ta, dole ta haƙura ta biyo baya. Akwai wata doguwa a cikinsu mai gudu kamar barewa, kullum ita ce a gaba tana ɗaga hannu tana "Ba ni! Ba ni!", kullum kuma ana hura mata usur. Usur ɗin ma murfin biro ne. Har ta yi fushi ta zauna a kan bulo ta ce wannan wasan na masu baƙin ciki ne, ba a son mutum ya ci gaba. Sai da aka lallashe ta.

A wasan manya ana kama mai ƙwallo ne a kayar da ita ƙasa, kuma gaskiya ana jin ciwo, har da buguwar kai, shi ya sa ba a yin wannan sai da mai koyarwa da fili mai ciyawa. Su a nan ba sa kayarwa. Akwai nau'in da ake fara koya wa yara a ko'ina a duniya, inda ake maƙala ƙyalle biyu a ƙugu, in an fizge miki ɗaya to an kama ki, dole ki tsaya ki miƙa ƙwallo. Su tsofaffin ɗankwalaye suka yayyaga. Ƙasar wurin tsakuwa ce, na ga gwiwa biyu da suka ƙuje, amma masu gwiwoyin ko a jikinsu.

Asalin wasan daga Ingila ne, daga wata makaranta a garin da ake kira Rugby. Ana ba da labarin wai a 1823 wani ɗalibi mai suna William Webb Ellis ana cikin ƙwallo ya sunkuci abarsa ya ruga, kodayake masu binciken tarihi da dama suna ganin ƙanzon kurege ne. Su ma matan Turawa kada ku ɗauka a kan tabarma aka miƙa musu. Gasar kofin duniya ta mata ta farko sai a 1991 aka yi ta, a Wales, ƙasashe 12, kuma mata huɗu ne 'yan wani kulob mai suna Richmond suka shirya ta da kansu, hukumar wasan ta duniya ba ta sa musu hannu ba. Amurka ce ta ci. Shekara 34 bayan nan, a watan Satumba na 2025, mutum 81,885 suka cika filin Twickenham a Landan don kallon wasan ƙarshe na mata, Ingila ta doke Kanada da 33 da 13. A wannan gasar matan Afirka ta Kudu suka kai zagayen 'yan takwas karo na farko. Nan gida kuwa, a cikin birnin Kano akwai kulob ɗin Barewa, wanda ya yi suna wajen kai wasan ga yara 'yan makaranta.

Ana cikin wasa Iya ta shigo da carbinta. Tsit kake ji.

"Yanzu ke," ta dubi jikarta, "abin da aka tura ki birni ki koyo ke nan? Kokawa? Wa zai auri mace mai tsere kamar an biyo ta?"

"Iya, ba kokawa ba ce, ko taɓa juna ba ma yi. Kuma ga katanga, wa yake ganinmu?"

"Allah yana ganinku."

Gwaggo ce ta shiga tsakani, abin da ban zata ba. Ta ce, "Yaya, ke fa aka ce duk dandalin garinmu babu mai tsallenki a gaɗa." Iya ta ce wannan daban, lokacin ba ta san ciwon kanta ba. Sai wata 'yar siririya mai zuwa Islamiyya ta ce cikin ladabi, malaminsu ya karantar da su cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta farko ta wuce shi, ta biyu bayan ta yi jiki ya wuce ta. Wannan ruwaya tana cikin littafin Abu Dawuda. Iya ta yi salati ta ce ai wannan da mijinta ne. Yarinyar ta ce, "To Iya, in ba mu koya tun yanzu ba, ai mazan za su yi ta cinye mu." Har Iyar sai da ta murmusa, ta rufe baki da gefen zane.

Ni dai ra'ayina ban ɓoye ba. Tsoron da iyayenmu suke ji ba na banza ba ne, sun san bakin mutane, sun san yadda magana ɗaya take ɓata auren yarinya. Amma maganar wai gudu da tsalle suna raba budurwa da mutuncinta, wannan camfi ne, kuma ya cuci mata da yawa. Ku dubi yadda hawan jini da ciwon suga suke kama iyayenmu mata tun ba su tsufa ba, likita ya ce a motsa jiki, a rasa inda za a motsa shi. Shigar ma ba hujja ba ce. Na ba su labarin Zainab Alema, Musulma haifaffiyar Landan wadda iyayenta 'yan Ghana ne, wadda ta yi aikin jinyar jarirai, uwar 'ya'ya uku, wadda take buga zari-ruga da lulluɓinta. Ta buga wa wancan kulob na Richmond, kuma a 2020 jaridar Sunday Times ta ba ta lambar yabo. Iya ta tambaya, "Da aurenta?" Na ce da aurenta. Ta ce, "To mijin yana da haƙuri."

Na san abin da kuke jira ku ji, samarin fa? Doguwar nan mai gudu an sa mata rana bayan babbar salla. Da dare da muka zauna cin tuwon dawa da miyar kuka na tambaye ta ko angon ya sani. Ta sunkuyar da kai tana wasa da zobe, ta ce ya sani, da farko ya ɗaure fuska kwana biyu bai zo zance ba, ranar ta uku ya zo da takalmin kambas a leda, ya ce ya gaji da ganin ƙafarta da ƙaya. Amma ya ce in ta tare sai dai ta yi a tsakar gida. Ta ce masa ita da wa, ita da turmi? Har yanzu ba su gama wannan maganar ba. Sauran suka ce in ta tafi sun zama sha uku, dole ɗaya ta riƙa zama alƙaliya.

Iya ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce a daina ba. Sharaɗi uku ta kafa: a rufe ƙofar kangon da kwano, a tashi kafin kiran magariba, kuma duk wadda ba ta gama wanke-wanke ba kada ta ga ƙeyarta a wurin. Washegari da la'asar ta sa aka kai mata kujera 'yar tsugunno bakin katangar, wai iska take sha. Ɓangaren jikarta aka cinye, 15 da 10. Ina ji tana ce wa Gwaggo, "Waccan mai jan ɗankwalin ba ta iya ba, ta riƙe abu ta ƙi bayarwa, halin uwarta ne."